Wuƙa Ta Sha Biyu

Akwai wata tsohuwa a garinmu na Sweetgum, nan cikin duwatsun gabashin Tennessee, sunanta Verlie Hatmaker. Shekararta saba'in da takwas. Gajera ce, ba ta da jiki, amma bakinta ya fi reza kaifi. Kowa Mis Verlie yake ce mata, har fasto. Shekara ashirin ina maƙwabtaka da ita, ban taɓa ganin ta ja da baya a kan abin da ta san gaskiya ne ba.

A garinmu, namiji ya fita babu wuƙar aljihu daidai yake da ya fita babu wando. Ranar Asabar tsofaffi sukan taru a bencin ƙofar kotu, suna fiƙe itace, suna musayar wuƙaƙe, suna zuba wa juna ƙarya. Akwai ƙa'idoji biyu da kowa ya tashi da su. Ba a karɓar wuƙa kyauta sai an ba mai ita peni guda, wato kwabon Amurka, don kada ta yanke zumunci. Kuma yadda aka miƙo maka ita haka za ka mayar, in a buɗe a buɗe, in a rufe a rufe.

Da can muna da masana'antar wuƙa a bakin rafi, ta kamfanin Tolliver. Mafi shahara cikin abin da suka ƙera su ne masu zalɓe. Ƙotarsu ta ƙashin saniya ce da aka rina shuɗi, da ɗan hoton zalɓe na azurfa a jiki. Iri goma sha biyu suka yi. Ta sha biyun sai a makon ƙarshe aka ƙera ta, guda arba'in kacal, ba ta ma kai shago ba aka rufe masana'antar a 1981.

Mis Verlie ta yi shekara ashirin da biyu tana goge ƙota a wurin. Mijinta Doyle, Allah ya jiƙansa, shi ke wasa ruwan wuƙa. Ranar da aka rufe ƙofa ya dawo gida da ta sha biyun a aljihu, ya miƙa mata, ita kuma ta ba shi peni. Da ya rasu, an tarar da penin nan a lalitarsa, ya suɗe har rubutun ba ya karantuwa.

Tun ranar wuƙar take aljihun rigarta. Da ita take yanka kuɓewa, da ita take fere tuffa, da ita take buɗe wasiƙa. Ruwanta ya sirance saboda wasawa, shuɗin ƙotar ya koɗe inda babban yatsanta ke zama.

To, akwai kuma Royce Cantrell.

Royce dillalin motoci ne, shi ne kuma shugaban ƙungiyar masu tara tsofaffin wuƙaƙe ta gundumarmu. Mahaifinsa Alvis ya yi aiki a Tolliver, mutum ne shiru-shiru, ya rasu shekara biyu bayan rufewar. Royce tun yana saurayi ya tafi birni karatu, bai taɓa leƙa cikin masana'antar ba, don a lokacin gani yake aikin ƙura ne. Sai da ya yi kuɗi ya dawo, ya ga masu zalɓe sun zama abin nema, sannan ya tuna shi ɗan gida ne.

Shekara talatin yana farautarsu. Ya bi gwanjo, ya bi gidajen makoki, ya je har Texas saboda guda ɗaya. Ya haɗa goma sha ɗaya, sababbi fil, babu wadda ta taɓa yanka ko zare. Ya jera su a akwatin gilashi a kan jan ƙyalle. Ba ya taɓa su sai da farar safar hannu. Ranar da ya sayi wuƙa yakan ɗan ɗaga ruwan ya leƙa tambari, ya mayar, shi ke nan har abada. A cewarsa, kowace buɗewa tana barin ƙarzuwa a jikin ƙarfe, kowace ƙarzuwa kuma tana zubar da daraja.

Ni dai na ce wuƙar da ba ta yanka komai ba ai cokali ya fi ta amfani. Amma wa ya tambaye ni?

A ƙarshen layin nan akwai gurbi guda babu kowa a ciki. Wannan gurbin shi ke hana Royce sakat.

Wata Asabar ya faka doguwar motarsa a ƙofar kotu. Mis Verlie na zaune a gefen benci tana fere tuffa. Kusa da ita tsoho Burl Sizemore ne, wanda ya ishi gari da labarin wuƙar da kamfani ya ba mahaifiyarsa ranar da ta yi ritaya. Babu wanda bai ji labarin nan sau ɗari ba.

Royce ya cire hula ya ce, "Barka da hantsi, Mis Verlie. Kai! Raina yana ɓaci in na ga kina cusa wannan wuƙar cikin ruwan tuffa."

Ta ce, "To ka rufe idonka, Royce."

Ya ce, "Dala dubu biyar zan ba ki. Yanzun nan."

Ta ce, "Da me zan fere tuffa? Da dala?"

Tsofaffi suka kwashe da dariya. Burl ya ce, "Ni ka ba ni dubu biyar ɗin, in ba ka labarin wuƙar Mama."

"Ka riƙe abinka, Burl, kowa ya haddace," in ji Royce. Ya sake juyowa wurinta. "Mis Verlie, ki dubi shekarunki. In ta Allah ta kasance, wannan wuƙar a kwandon gwanjo za ta ƙare, a haɗa ta da tsofaffin cokula. A wurina kuwa za ta zauna cikin 'yan'uwanta, a adana ta kamar yadda ya kamata."

Ta ɗaga kai ta dube shi ta saman tabarau. "Ai ba adanawa kake yi ba, ɗana, binnewa kake yi. Doyle bai ƙona yatsunsa a dutsen wasa don a sa aikinsa a makara ta gilashi ba. Ba ta sayarwa ba ce. Ga tuffa in za ka ci."

Bai ci ba. Ya mayar da hularsa ya shiga mota.

Bai daddara ba. Ya aiko da wasiƙa, ta buɗe ta da wuƙar ta jefa a murhu. Ya ƙara kuɗin ya kai dubu takwas. Ya turo matarsa da kek. Mis Verlie ta yanka kek ɗin da wuƙar, suka ci tare da kofi, ta raka matar har mota, ta ce a gai da Royce.

Mutumin da ya saba kuɗinsa na buɗe masa kowace ƙofa, in ya ci karo da wadda ta ƙi buɗuwa, sai ya fara cewa ai dama gidan ruɓaɓɓe ne. Haka Royce ya yi.

Wata Talata da hantsi sai ga Burl a barandar Mis Verlie, riƙe da 'yar jaridar da ƙungiya ke bugawa duk wata uku. Fuskarsa babu annuri.

Ta ce, "Lafiya, Burl? Wa ya mutu?"

Ya ce, "Gara ki zauna, Verlie."

"Kusan a tsaye na haifi 'ya'ya uku. Karanta."

Ya karanta. Royce ne ya yi rubutun da kansa. Ya ce yana gargaɗin 'yan ƙungiya a kan wata mai zalɓe ta sha biyu da ke yawo a garin nan. Ya ce bincikensa ya nuna jabu ce. Wai a makon ƙarshe wani mai wasa wuƙa ya riƙa ɓoye ruwa da ƙota a kwanon abincinsa yana fita da su, ya je gida ya harhaɗa. Bai rubuta suna ba. Amma mai wasa wuƙa nawa ne a Sweetgum da matarsa ke riƙe da ta sha biyu?

Burl ya ce mini Mis Verlie ta dafa ƙarfen barandar ta tsura masa ido.

Can ta ce, "Doyle ɓarawo."

"Bai ambaci suna ba ai."

"Kada ka mayar da ni yarinya, Burl. Mutumin da ya tsinci lalita a coci ya yi tafiyar mil huɗu a ƙasa ya kai wa mai ita. Shi ne ɓarawo? Yana kwance shekara goma sha ɗaya, ba ya iya tashi ya amsa, shi ne Royce zai wanke hannunsa a jikinsa?"

Burl ya ce, "Ki ƙyale shi. Mutumin nan yana da lauya, yana da kuɗi, rabin masu zaman benci a wurinsa suka sayi mota. Kwana biyu maganar za ta wuce."

"Ba za ta wuce ba. An buga a takarda. Bayan ni da kai mun mutu, takardar nan za a ɗauko a karanta wa jikokina." Ta karɓi jaridar ta ninke ta sa a aljihu tare da wuƙar. "Yaushe ne baje kolin wuƙaƙen nan nasu?"

"Asabar ta sama. Amma sai 'yan ƙungiya ake bari su yi magana."

"To su hana ni mu gani."

Maganar ta riga ta zaga gari. A coci ranar Lahadi wasu suka riƙa gaishe ta da tausayi, irin gaisuwar da ta fi zagi ciwo. Wata mata ta dafa kafaɗarta ta ce ai lokacin an sha wahala, kowa ya yi abin da zai yi don ya ci abinci. Mis Verlie ta cire hannun matar daga kafaɗarta ta ajiye mata abinta. Ni kaina na ji haushi a ranar, don na san Doyle, na ci wake da burodin masara a teburinsa.

Asabar ta zo. Babban zauren filin baje kolin gunduma ya cika, teburi sun fi sittin. Dillalai sun zo daga Kentucky da Georgia, manoma sun zo kallo da iyalansu. Akwatin Royce yana tsakiya, an haska shi da fitila ta musamman. Da misalin ƙarfe goma sha ɗaya ya hau dandamali ya kama makirufo zai buɗe taro.

Sai ga Mis Verlie ta shigo da rigar zuwa coci, da jakarta a hannu, Burl na biye da ita yana ɗingishi. Ba ta tsaya a teburin kowa ba. Ta miƙe har gaban dandamali.

Ta ce, "Royce Cantrell, sauko ko in hau."

Ya yi murmushin dillalai. "Mis Verlie, mun yi murna da zuwanki. Amma ƙa'idarmu, sai ɗan ƙungiya..."

"Da kake rubuta sunan mijina a bakin duniya, ƙa'idar wa ka bi?"

"Ban rubuta sunan kowa ba."

"Shi ya sa na ce ba ka da zuciya. Faɗe shi yanzu, ga ni ga ka. Ka ce Doyle Hatmaker ɓarawo ne."

Wani dillali da ke ciniki ya tsaya da bakinsa a buɗe.

Royce ya ga idanu sun yi masa yawa, girman kai kuma ya hana shi janyewa. Ya ce, "Abin da na ce shi ne wuƙar jabu ce. Shekara talatin ina wannan harka. Na karanta duk takardun kamfanin da suka rage. Babu inda aka rubuta an ba ma'aikaci ta sha biyu."

Ta ce, "Inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa. Ga taka a akwati, ga tawa a aljihu."

Ta hau matakala ukun dandamalin, Burl ya so ya riƙe ta, ta make hannunsa. Ta karɓi makirufo daga hannun Royce kamar tana karɓar ludayi daga hannun wanda bai iya miya ba.

Ta ce, "Ku saurara. Akwai abin da mu ma'aikatan Tolliver ba ma faɗa wa bare, don kada masu jabu su koya. Na riƙe shi shekara talatin da bakwai. Waɗanda muka riƙe tare duk sun kwanta dama. Su yafe mini, yau sunan Doyle ya fi sirrin nauyi."

Ta fito da wuƙar, ta buɗe ta, ƙas.

"Duk wuƙar da aka gama, sai ta bi ta teburin mai dubawa. Ya buɗe, ya rufe, ya gwada kaifi a gashin hannunsa. In ta yi, sai ya ɗauki tsinken ƙarfe ya buga ɗigo guda a can cikin kwarmin da ruwan ke kwanciya, ta wajen gindi, a jikin tagulla. Ba a ganinsa sai an buɗe ta gaba ɗaya an haska. Wadda aka harhaɗa a gida ba ta da ɗigo, don ba ta bi ta teburin ba. Wadda kamfani ya ba ma'aikaci kuma ɗigo biyu ake buga mata, don mai gadi ya gane ba sata ba ce ya bar shi ya wuce."

Ta miƙa wa wani dillali ɗan Kentucky da ke layin gaba, wanda ba ta taɓa gani ba. "Kai baƙo ne, ba ka da uwa a gindin murhu. Duba ka faɗa musu."

Mutumin ya fito da 'yar tocila da madubin ƙara girma. Ya duba, ya sake dubawa. Ya ce, "Ɗigo biyu ne, kusa da juna. Tsofaffi ne kuma, sun yi baƙi kamar sauran tagullar." Ya mayar mata a buɗe.

Royce ya ce, "Wannan tatsuniya ce. Ban taɓa jin ta ba. Kowa yana iya buga ɗigo a ɗakin girkinsa."

"Madalla," in ji ta. "Ai kana da goma sha ɗaya da ban taɓa taɓawa ba. Buɗe taka."

Nan fa ake yinta. Royce ya dubi akwatinsa ya dubi jama'a. Ya ce ba a buɗe wuƙa irin wannan don wasa, ƙarzuwa ɗaya asarar ɗaruruwan daloli ce.

Ta ce, "Kana tsoron ƙarzuwa a jikin ƙarfe, ba ka ji tsoron ƙarzar sunan mamaci ba? Buɗe."

Daga can bayan zauren wani manomi ya ɗaga murya, "Buɗe mana, Royce! Ba za ta cije ka ba!"

Babu yadda ya iya. Ya sauko, ya sa safar hannu, ya buɗe akwatin. Ya zaɓi wadda ya fi alfahari da ita, ta tara, wadda ya je Texas dominta, mai sheƙi kamar jiya aka yi ta. Ya buɗe ta a hankali yana cije leɓe. Ya karɓi tocila ya haska.

Sai fuskarsa ta washe. Ya ɗaga wuƙar sama. "Babu komai! Ku zo ku gani! Babu ɗigo ko ɗaya!"

Ɗan Kentucky ya duba, ya gyaɗa kai. Babu.

Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye muku ba. Burl ya sunkuyar da kai. Wasu suka fara gunaguni, ai dama tsufa ne, tausayi ne. Royce ya juya zai koma dandamali yana cewa a taimaka wa Mis Verlie ta sauko.

Ko gezau ba ta yi ba. Ta matso da makirufo bakinta.

"Ba da masu akwati nake ba yanzu. Da ku nake, mutanen Sweetgum. Duk mai tsohuwar Tolliver a aljihu, wadda ubansa ya bar masa, wadda ya feɗe barewa da ita, ya fito da ita ya buɗe."

Da farko babu wanda ya motsa. Sai aka ji ƙas daga can baya. Sai wata ƙas. Kafin ka ce kwabo zauren ya ɗauka, ƙas, ƙas, ƙas, ta ko'ina. Tsofaffi suka ruga bakin taga, matasa suka kunna fitilar waya.

"Ga shi nan! Akwai!"

"Tawa ma akwai! Shekara arba'in tana aljihuna ban taɓa gani ba!"

"Kai, matso da hannunka, ka tare mini haske!"

Sai muryar Burl ta fi ta kowa. Yana riƙe da wuƙar mahaifiyarsa. "Biyu! Ta Mama ɗigo biyu ce! Na faɗa muku kamfani ne ya ba ta ranar ritaya, a gaban kowa..."

"Mun sani, Burl!" jama'a suka amsa baki ɗaya, aka fashe da dariya.

Mutum ya fi talatin a zauren nan mai tsohuwar Tolliver, kowa da ɗigonsa. Wuƙa ɗaya tak ce babu, ita ce ke hannun Royce. Ɗan Kentucky ya karɓe ta ya jujjuya, ya ce a hankali, "Mista Cantrell, ka yi haƙuri, amma an yi maka aika-aika a Texas."

Mai neman jabu a aljihun tsohuwa, ashe shekara goma sha biyar tana kwance a kan jan ƙyallensa. Ramin mugunta dai an ce a gina shi gajere.

Royce ya tsaya kamar an dasa shi. Mis Verlie ta sauko, ta je ta tsaya a gabansa. Ba ta ɗaga murya ba, amma zauren ya yi shirun da kowa ya ji.

"Buɗe sauran."

Ya buɗe ta ɗaya. Akwai ɗigo. Ta biyu, akwai. Safar hannun ta riƙa zame masa, ya cire ya jefar. Har ya gama goman, kowace da ɗigonta.

Ta ce, "Ka san wa ya buga su?"

Ya girgiza kai.

"Alvis ne. Ubanka. Shekara goma sha tara yana zaune a kan wata doguwar kujera a bakin tagar baya. Duk mai zalɓen da ta fita daga ginin nan ta bi ta hannunsa. Ranar ƙarshe mai kamfani ya ce kowa cikin masu wasa wuƙa ya ɗauki guda, ba a rubuta ba don akawun ya riga ya tafi. Alvis ya buga wa ta Doyle ɗigo biyu, sannan ya ajiye tsinken ya sa hularsa. Da ka ce wuƙata jabu ce, hannun ubanka ka ƙaryata."

Royce ya zauna a bakin teburi. Ya ɗauki ɗaya daga cikin goman ya haska, ya daɗe yana kallon ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba. Shekara talatin hannun mahaifinsa na cikin akwatinsa, tsoron ƙarzuwa ya hana shi gani. Na ga hawaye ya gangaro masa. Na so in ji daɗi, sai na ji tausayinsa.

Ya ce, "Bai taɓa faɗa mini ba."

"Ka taɓa tambayarsa?"

Ya mayar da wuƙar cikin akwatin. Can ya ce, "Mis Verlie, ki yafe mini."

"Ba ni ka yi wa ba. Kuma ba a kunne ka yi ba, balle ka gyara a kunne." Ta miƙa masa makirufo. "Da suna."

Ya miƙe ya karɓa. "Abin da na rubuta ƙarya ne. Doyle Hatmaker bai saci komai ba. Wuƙarsa ta gaskiya ce. Haushin an hana ni ne ya sa na rubuta."

"A jarida ma."

"A jarida ma, a shafin farko."

Sai ta buɗe jakarta ta fito da tuffa. Ta miƙa masa tare da wuƙar a buɗe. "Ka yi shekara talatin kana neman ta. Riƙe ka ji yadda take."

Ya karɓa da hannu tsirara. Ya yanka tuffar, ruwan ya shige kamar cikin man shanu. Ya sa yankin a baki yana taunawa yana share ido. Da ya gama sai ya kai babban yatsa zai ninke ta, don ya saba ganin wuƙa a rufe. Zauren ya ɗauki "A'a! A'a!" Ya dawo hayyacinsa, ya juya mata ƙota ya mayar a buɗe.

Ya ce, "Mis Verlie, ko nawa kika ce. Ba don akwatin ba yanzu. Don ita ce ta ƙarshe da Baba ya buga."

Ta goge ruwan a gefen rigarta, ta rufe, ta jefa a aljihu.

"A'a, ɗana. Kana da goma na ubanka. Ni ɗaya gare ni ta mijina, kuma na biya peni." Ta juya. "Burl, taho ka kai ni gida, na bar wake a wuta."

Jama'a suka dare mata hanya har ƙofa.

Jaridar ta fito da gyaran a shafin farko, da sunan Doyle da manyan baƙaƙe. Mis Verlie ta yanko shi da wuƙar ta manna a jikin firij.

Yanzu in ka je ofishin Royce akwatin na nan, amma guda tara ne a ciki. Ta Texas ya jefa ta a durowa. Ɗaya kuma tana aljihunsa, ta riga ta yi ƙarce-ƙarce, ranar Asabar yana zuwa benci ana koya masa fiƙe itace, har yanzu bai iya ba. Gurbin ƙarshe kuwa babu wuƙa a ciki. Wani ɗan farin kati ne da rubutun hannunsa:

"Ta sha biyu. Doyle Hatmaker ya wasa, Alvis Cantrell ya duba. Tana aljihun Mis Verlie, tana aiki."

Darasi: In an hana ka abu, kada ka huce a kan mutuncin mai shi, balle mutuncin wanda ya kwanta ba ya iya amsawa. Kafin ka kira abin wani jabu, buɗe naka ka haska ciki. Kai kuma da aka taɓa sunan naka, kada yawan kuɗin mai ƙarya ya sa ka yi shiru, tsaya a kan gaskiyarka ko da kai kaɗai ne. Wanda kuma iyayensa ke raye, ya tambaye su aikin hannunsu tun suna iya ba da amsa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai akwatin da ya kamata ya buɗe nasa yau.